Jita mai tsarkiya huɗu: tarihin bas da dalilin ƙarancinta a jihar Tawa

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fara da tambaya. Daga Kaita zuwa Buza, daga Buza zuwa Madawa, kowa na iya lissafa muku mai goge, mai gurumi, mai kalangu, har da yaron da ya aje fiyano a shago yana haɗa waƙoƙin biki. Masu jita ma ba a rasa su, balle in an hau arewa wajen Abalak. To masu bas fa, su nawa kunka sani? Jihar da ta fitar da makaɗan jita waɗanda duniya ke saurare, ita ce kuma inda sai an sha wuya kafin a samu bas guda mai lafiya. Wanga abu yana da tarihi, shi nike so mu bi tare.

Sunan tukuna

Tunda ilimin harsuna nike karatu, ku yi mini haƙuri in fara da kalmar. Bas ta zo mana daga Faransanci, su kuma tushenta yana komawa ga wata kalmar Latin mai nufin abin da ke ƙasa. Turawa suna auna murya da sama da ƙasa. Mu da kauri muke auna ta: murya mai kauri, babbar murya, siririyar murya. Ke nan in za a faɗi mi ce ce bas da Hausar gida, jita ce mai kaurin murya. Mun ba ta jinsin mace don ta bi jita. Wanda ya tsallaka iyaka ya yi hankali, domin a Kano in ka ce kana neman bas, tasha za a nuna maka.

Sauran kayan ma suna da suna bibbiyu, gwargwadon hanyar da sunka biyo. Mu muna cewa ampili, gurup, kuran, pil. Ƴan uwanmu na Najeriya suna cewa amfilifaya, janareto, lantarki, batir. A kasuwar Madawa duka biyun suna tafiya, kuma bakin mai saidawa kan tona inda ya saro kayansa.

Kunnenmu ya riga ta zuwa

Kada wani ya ɗauka ba mu san murya mai kauri ba sai da Bature ya kawo. Tambarin sarki da babbar ganga aikinsu ke nan. Garaya tana da babbar yaya, komo. Mata suna kife ƙwarya cikin ruwa su buga, sautin ya fito da nauyi har ka ji shi a ƙirji. Maƙwabtanmu Buzaye suna ɗaure fata a bakin turmi su yi tende, su ma su haɗa da ƙwaryar ruwa. Wanda ya saurari Les Filles de Illighadad, ƙungiyar Fatou Seidi Ghali daga wani ƙauye na yankin Abalak, ya ji yadda wagga ƙwarya ke riƙe waƙa daga ƙasa. Ko a kiɗan kalangu akwai mai magana, akwai kuma mai riƙe kiɗin don kada ya watse.

Don haka gurbin yana nan tun fil azal. Abin da bas ta ƙara shi ne ta haɗa aiki biyu a hannu ɗaya: tana riƙe lokaci kamar ganga, tana kuma bin karin waƙa kamar gurumi. Ga harshe irin Hausa, wanda hawa da saukar murya ke canza ma'anar kalma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kayan kiɗan da ke iya hawa da sauka yana iya bin magana, kamar yadda kalangu ke yi.

Inda anka ƙera ta

Kafin bas ta lantarki, makaɗan Turai da Amurka suna da wata ƙatuwar goge da ake tsayarwa a ƙasa, tsawonta ya kai na mutum. Ɗaukarta wahala, kuma in an haɗa ta da kakaki da ganguna ba a jin ta sosai. A tsakiyar shekarun 1930 wani mutumin Siyatil mai suna Paul Tutmarc ya ƙera bas ta lantarki da ake ratayawa kamar jita, amma ba ta yi kasuwa ba. Sai a 1951 Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, ya fitar da Precision Bass. Sunan yana nufin daidaito, saboda ƙarafan da anka jera a wuyanta suna sa yatsa ya faɗi daidai kan sautin da ake so. A 1960 kamfanin ya ƙara da Jazz Bass. Kusan duk bas ɗin da za ku gani yau a Yamai ko Kano, in ba ɗiyar waɗanga biyu ba ce, to jikarsu ce.

Siffar ba ta canza sosai ba: tsarkiya huɗu, tsawon kowace daga wuya zuwa jaki inci 34, wato wajen santimita 86, nauyinta kamar kilo 4. Tsarkiya mafi kauri tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, sauran 55, 73 da 98. Ku riƙe waɗanga lambobi, za mu dawo kansu. Ku kuma riƙe cewa mai gyaran rediyo ne ya yi ta.

Zamanin orkes

Bayan samun mulkin kai, ƙasashen Afirka ta Yamma sun ɗauki kiɗan zamani a matsayin aikin ƙasa. A Gine gwamnatin Seku Ture ta riƙe ƙungiyoyin kiɗa na jihohi, cikinsu har da Bembeya Jazz da anka kafa a 1961. A Mali anka kafa Rail Band a 1970. A Nijar Alhaji Taya na cikin waɗanda sunka share fage a Yamai, shi ya sa cibiyar koyar da kiɗa da anka buɗe a can take ɗauke da sunansa. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, ana wasannin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasa da juna. A ƙarshen shekarun 1980 kuma anka soma gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, mai ɗauke da sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa.

Tawa ba ta zauna baya ba. Tun shekarun 1970 tana da Azna de l'Ader, ƙungiyar Mona, makaɗin da salon Jimi Hendrix ya shiga jininsa. Ku dubi sunan ma: Azna, wato mutanen gargajiyar Adar, a kan kiɗan lantarki mai ƙara. Daga baya kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da faifansu mai suna Zabaya. Irin wanga kiɗi ba ya tsayuwa sai da ganguna da bas a ƙarƙashinsa. Ke nan a tsakiyar jiharmu an taɓa yin zamanin da bas ke da wurin zamanta.

Sai dai akwai abin lura. A wancan lokaci kayan kiɗan zamani galibi ba na makaɗi ba ne. Na hukuma ne, ko na gidan samari, ko na mai gidan rawa. Saurayi yana koyo a inda kayan suke, wato babban gari. Ɗan Buza ko ɗan Kaita da ke sha'awa sai ya bar gida. Ranar da kayan sunka lalace ba a sake ba, koyon ma ya tsaya, domin ba wanda ke da tasa a ɗaka. Ga kuma maganar gida: a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, iyaye da yawa ba su son ɗansu ya shiga abin da suke gani roƙo ne.

Abu huɗu da sunka ɓoye ta

Na farko, tsarkiya. Kowa ya ji labarin Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak da Cintabaradan, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Ana iya yi wa jita haka. Tsarkiyar bas kuwa waya ce a tsakiya, anka naɗe ta da wata waya tun daga sama har ƙasa. Mafi kaurin ta kusa milimita 3. Ba a kwance ta daga keke, ba a samunta wurin maƙeri. Yaron da ba shi da ko dala yana iya soma jita, amma ba shi iya soma bas.

Na biyu, wuta. Sauti mai kauri yana bukatar tura iska mai yawa, don haka yana son babbar lasifika da ampili mai ƙarfi. Mai jita yana iya tafiya daji da ƙaramin ampili mai pil ya yi biki. In ka sa bas a irinsa ka buɗe murya, lasifikar za ta yage. Kuran ɗin Nijar kuwa, shekara da shekaru mafi yawansa daga Najeriya yake zuwa, kuma ƙauyukanmu da dama layin bai kai gare su ba. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, amma mun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Najeriya ta yanke wuta har zuwa Maris 2024. Makaɗan Buzaye sun daɗe da samo dabara: babban yatsa yana kaɗa tsarkiyoyin jita masu kauri, sauran yatsu suna waƙa, mutum guda ya zama mai jita da mai bas. Dabara ce mai kyau, amma ta rage neman mai bas.

Na uku, fiyano. Tun 1978 Mamman Sani ya yi kaset a Yamai da ogan na lantarki shi kaɗai. Amma guguwar daga Kano ta taso. Bayan Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sunka bunƙasa, kuma zuwa lokacin Sangaya a 1999 waƙar fim ta zama kiɗan samari a duk inda ake jin Hausa. Da fiyanon Yamaha ake yin ta. Na'urar tana da ganga a ciki, tana da bas a ciki, hannun hagu ya danna ta yi sauran. Mai biki a Madawa ya biya mutum guda maimakon biyar. Ba na ganin laifin kowa a nan, lissafi ne. Shi kansa Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, cikin salon situdiyon Hausa na lokacin.

Na huɗu, salula. Waƙoƙin nan sun yaɗu ta bulutut da katin memori, daga waya zuwa waya. Ta haka ma Christopher Kirkley ya tsinci waƙar Mdou har ya sa ta cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. To ku tuna lambobin can: 41, 55, 73, 98. Ƴar lasifikar salula ba ta iya fitar da ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata, sai dai inuwarsu. Tsararmu ta tashi tana jin kiɗa ta na'urar da ke yanke masa ƙafafu. Abin da kunne bai saba ji ba, yaya za a yi yaro ya ce shi yake so ya koya?

Ga inda abin ya kai mu. Ƙungiyar Mdou Moctar, wadda ta yi Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, tana da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, duka ƴan Nijar. Mai bas ɗinsu, Mikey Coltun, Ba'amurke ne. Gwani ne, ya kuma yi wa ƙungiyar aiki sosai, ba shi nike zargi ba. Ba kuma cewa nike babu masu bas a ƙasar ba: Mamar Kassey da Tal National a Yamai sun isa shaida, haka Eyadou Ag Leche na Tinariwen a maƙwabta. Abin da nike nunawa shi ne kujerar tana nan, ana biyan mai zama kanta, mu kuma a nan ba mu shirya yaran da za su hau ta ba.

Hanyar kasuwa

Nijar ba ta da teku, ba ta da masana'antar jita. Bas ɗin da ta iso Madawa ta sha hanya: ko daga Legas ta Kano ko Sakkwato ta shigo ta Ilela da Ƙonni, ko daga Kwatano ta Yamai, ko kuma a kafaɗar ɗan cirani. Mutanen Adar sun san hanyar Abijan da Libiya tun kakanni, kuma rediyo, kaset da jita da yawa cikin kayan masu dawowa sunka zo. A Najeriya majami'u na cikin manyan masu sayen kayan kiɗa, shi ya sa kasuwar ta fi ƙarfi a can, kuma abin da sunka gaji da shi yakan gangaro mana a matsayin na hannu.

Duk abin da ya taɓa kuɗi ko iyaka yana taɓa wagga hanya. A Janairun 1994 anka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sunka ninka kuɗi dare ɗaya. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A 2023 takunkumi ya sake rufe su. Mai albasa ya ji a jikinsa, mai neman tsarkiya ma haka, sai dai shi ba mai jin kukansa.

Wanda zai sayi ta hannu, ga abin da tarihin nan ya koya mana. Sunan da ke rubuce a kai ba shaida ba ne. Fender da yawa da ke yawo ba su taɓa ganin Amurka ba. Kwaikwayon ba laifi ba ne in an saida shi da kuɗin kwaikwayo, kuma Yamaha, Ibanez ko Squier mai lafiya ta fi babban suna mai karyayyen wuya. Ka ɗaga ta ka leƙa wuyan daga kai kamar mai duba gorar mashi: lanƙwasa kaɗan ana gyarawa, murɗewa ba a gyarawa. Ka tabbata sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana juyawa. Ka danna kowane mataki ka ji. Ka sa ta a ampili kafin ka ba da jika ko ɗaya. In mai pil ce, ka sani kullum sai ka nemi pil mai bolt 9; a ƙauye wadda ba ta cin pil ta fi kwanciyar hankali. Kuɗin tsarkiya da ampili kuma a cikin ciniki suke, kada ka sayi doki ka manta da hakinsa.

Gyara a ƙasar hunturu

An ƙera bas da itace, itace kuwa yana jin yanayi. Da hunturu yana bushewa ya tsuke har bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu. Da damina yana shan laima ya kumbura. Wuyan yana motsi tsakanin biyun, don haka a nan saiti aƙalla sau biyu ne a shekara. Makaɗanmu na gargajiya sun san wanga, su da ke gasa fatar ganga a rana ko a bakin wuta kafin wasa.

Ana bin abin daki-daki. Ka fara ɗaure tsarkiyoyi a kan muryarsu. Manhajar waya tana yi. Sannan ka danne tsarkiya mai kauri a matakin farko da na ƙarshe, ka dubi tsakiya: ratar da ke tsakaninta da ƙarfe ta zama kamar kaurin katin kiredi. In ta yi yawa, ka ɗaure sandar cikin wuya. In babu rata, ka sassauta. Rubu'in juyi kawai, ka jira itacen ya zauna, kada ka yi mata ƙarfi. Bayan nan sai tsayin tsarkiya a jaki: wajen milimita 2 zuwa 2 da rabi a mataki na 12. Daga ƙarshe, mataki na 12 shi ne rabin tsarkiya, dole ya ba da murya iri ɗaya da ta sake, sai dai siririya. In ya zarce, ka ja jakin baya. In ya gaza, ka turo shi gaba.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Tana shiga maɓallan murya su riƙa ƙarar yashi. Ka rufe ta da zane, ka shafe tsarkiya bayan wasa, kada ka bar ta cikin ɗakin kwano da zafin Afrilu. Tsarkiyar da ta dushe, tsofaffin makaɗa sukan tafasa ta a ruwa su shanya sosai, ta ɗan farfaɗo na wani lokaci. Wayar da ta tsinke a ciki kuwa, mai gyaran rediyo ko salula na bakin tasha yana iya liƙe ta da dalma. Cikin bas ba abin da ya fi ƙarfinsa: maganaɗisu ne, da waya, da maɓalli biyu ko uku. Ɗan sana'arsu ne ya ƙirƙiro ta.

Abin da ya rage gare mu

Biyu daga cikin shingayen nan sun fara faɗuwa. Faifan hasken rana ya shiga ƙauyuka, ƙananan lasifikoki masu caji da na kunne sun dawo wa yara da sautin da salula ta yanke. Saura hannu da baki.

Na hannu: bas guda da ampili guda a gidan samari na Madawa, Buza ko Kaita sun isa koya wa yara goma, in akwai mutum ɗaya da ya iya saiti. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke tara kuɗin wasan hutu suna iya wannan.

Na baki kuwa namu ne mu ƴan harsuna. Kun lura tun ɗazu nike cewa tsarkiya, jaki, wuya. Tsarkiya da jaki ba ni na ƙago su ba, bakin masu goge da garaya ne. Mataki da maɓalli ni na ɗora, kuna iya musu. Abin da ba a iya faɗi da Hausa, da wuya a koya wa ƙane ko ƙanwa da ba su yi lakwal ba. Don haka ina roƙon duk wanda zai je gida hutu ya zauna da tsohon makaɗi na garinsu, ya tambaye shi sunan kowace tsarkiya, da kowane sashe, da kalmar da yake faɗi in zai ɗaure ko ya sassauta, ya rubuta har da sunan garin. Ku kawo mana, mu jera su a fitowa ta gaba, mu ga wanne zai hau bas. Allah shi ba mu sa'a.